Neman Ƙafar Fiyano

Tun ranar da aka kafa wannan ƙungiya ta makaɗa ba a taɓa ganin mai fiyanonta a zaune a gaban jama'a ba. Marigayi wansa, wanda ya kafa ta, shi ya shimfiɗa ƙa'idar: mai ganga kaɗai ke da izinin kujera, domin ƙafafunsa ma aiki suke yi, sauran kuwa kowa ya miƙe ya girmama mutanen da suka gayyato shi. Akwai kuma ta biyu, cewa kowane makaɗi shi zai ɗauki kayansa daga mota zuwa dandamali, babba ne ko ƙarami. Mai Fiyano ya riƙe ƙa'idojin nan tun yana da baƙin gashi har furfura ta game kansa, kuma yakan karanta su ga duk sabon makaɗin da ya shigo yana waige-waigen wurin zama.

Saboda haka abin da ya auku a liyafar wani ma'aikaci da ya yi ritaya ya yi masa ciwo ƙwarai. Ana tsakiyar waƙa, zaure cike da mutane, sai ƙafar ƙarfen da ake ɗora fiyano a kanta, irin mai giciye kamar buɗaɗɗen almakashi, ta durƙusa ta ɓangaren hagu. Fiyano ya sulale ya fizgi wayarsa, lasifika ta saki wata ƙara mai kashe kunne, mata suka dafe ƙirji. Ba don Dogo mai ganga ya miƙa gwiwa ya tare ba, da sai dai a tsinci maɓallansa a ƙasa.

Bayan an watse, Mawaƙi, ɗan marigayin, wanda shugabancin ƙungiyar ya koma hannunsa, ya sami Mai Fiyano yana naɗe waya. Ya sassauta murya kamar yadda ya dace a gaban ƙanin uba, amma bai sassauta maganar ba.

"Baba, wannan fa ba shi ne karon farko ba."

"Ƙarfen yanzu ne, ɗana. Gwangwani ne aka shafa wa fenti."

"Na ji, Baba. Amma masu taro ba ƙarfe suke yi wa faɗa ba, ni suke kira a waya. Muna da aiki ranar Asabar. In an sami ƙafar da za ta tsaya, to madalla. In ba a samu ba, duk kiɗanka yana cikin na'ura, sai mu kunna, kai kuma ka huta a gida. Ai hutu ba laifi ba ne."

Mai Fiyano ya gama naɗe wayarsa a tsanake, ya ɗaure ta, ya ce Allah ya kai mu. Ya san irin wannan hutu. Mai jita na farko da shi aka sallame shi, kuma har ya bar duniya ba a sake nemansa ba.

A gida ya jingine lanƙwasasshen ƙarfen a bayan ƙofa, kusa da 'yan'uwansa da suka riga shi karyewa, dukkansu sun karkata hagu kamar masu gaisuwa. Matarsa ta leƙo daga kicin ta dube su.

"Malam, an ƙaro mini wurin shanya ke nan? Allah ya saka da alheri, dama tawul ɗin nan ba su da wuri."

Ya ɗora fiyano a kan teburin guga, ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya daɗe yana murza ƙugunsa na hagu kafin ya cire takalmi.

Kashegari da hantsi shi da Dogo suka nufi shagon kayan kiɗa, wanda ke matse tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da wayoyin lantarki. Ciki zafi ne da warin sabuwar roba, jitoci a rataye har rufi, kwalaye kuma sun cinye rabin hanya. Mai shago ya tare su da girmamawa, ya shiga fito da ƙafafu yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya: mai giciye siririya irin wadda ta kunyata shi, mai giciye ninki biyu, da wata mai ƙafa huɗu kamar tebur wadda ake ja ta yi faɗi ko a sauke ta ƙasa.

"Wannan ta masu zama ce, ranka ya daɗe. Gwiwa tana shiga ƙarƙashi ba ta bugun ƙarfe."

"Mayar da ita. Ba ɗinki na zo yi ba."

Dogo ya sami wani kwali ya zauna, ya miƙe dogayen ƙafafunsa a hanya. Mai Fiyano ya bayyana wa mai shago cewa a wurinsu ba a sayen ƙafa da ido, ba a kuma saye da girgizawa da hannu kamar yadda yaran zamani ke yi. Marigayi yakan sa a ɗora fiyano, a kaɗa waƙa mafi tsawo tun daga farko har ƙarshe, ƙafar da ta kai ƙarshe ba ta motsa ba ita ce ƙafa. Mai shago ya ce wannan gaskiya ne, ya ɗauko fiyanon gwaji ya ɗora a kan mai ninki biyu, ya ɗaure notinta tam, ya jona wuta.

Mai Fiyano ya gyara tsayuwa ya fara. A baitocin farko yana tsaye cak, kafaɗu a miƙe, yatsun nan da suka san hanyarsu suna tafiya ba gaggawa, har mai gyaran fanka ya leƙo ta ƙofa. Da waƙa ta yi nisa, sai ya ɗan ɗage diddigen hagu. Can kuma, duk inda hannun hagu ya sami sarari, sai ya sauka a gefen fiyano ya dafa. Daga dafawa da tafin hannu aka koma gwiwar hannu. Ƙarfe ya yi wani siririn kuka, fiyano ya karkata.

"Baba, a hankali!" in ji mai shago, ya yi wuf ya tallafe kayansa.

"Ka gani ko? Ita ma gwangwani ce."

Dogo ya yi dariya har da tari. "Wane gwangwani, tsoho? An yi ta don ta ɗauki fiyano, kai kuma ka hau."

"Wa ya hau?"

"Kai mana. Ni ne a bayanka tun muna samari, ba abin da nake kallo sai ƙeyarka. Tun da ƙugun nan ya fara ciwo, farkon waƙa kawai kake yi da ƙafafunka, sauran da ta fiyano kake ƙarasawa. Ni har gwiwata nake ajiyewa a shirye."

Mai Fiyano ya dubi gwiwar hannunsa, wadda har lokacin ke kan fiyano, ya janye ta a hankali.

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Mutumin da ko sannu da gajiya aka yi masa sai ya ce wace gajiya?"

Mai shago, wanda ba ya son tsofaffi su yi faɗa a kan kayansa, ya ce akwai wata a ciki. Ya shiga ya jawo ta da hannu biyu yana nishi. Ƙarfe ne mai kauri, gindinsa shimfiɗe a ƙasa, an yi ta ne don ɗakin ɗaukar sauti, inda ake jera fiyano bisa fiyano a bar su shekara da shekaru. Aka ɗora, Mai Fiyano ya sake waƙar daga farko. Wannan karon ya dafa da gangan, ya saki nauyinsa duka a kanta, ba ta ko yi ƙyas ba. Fuskarsa ta saki, abin da Dogo bai gani ba tun liyafar jiya.

"Wannan ita ce ƙafa. Irin ta da."

"To, ɗauke ta mu gani," in ji Dogo. "Zauren Asabar a saman bene yake, ka sani."

Aka naɗe masa ita. Ya tattara hannun riga, ya sunkuya ya ɗaga. Ta tashi daga ƙasa, ya kai ta bakin ƙofar shago, jijiyar wuyansa ta miƙe, sai ƙugu ya riƙe. Ya dire ta da ƙarar da ta sa jitoci suka amsa, ya laluba bayansa ya sami wata kujera mai naɗewa ya zauna, gumi na bin gemunsa.

"Da na ce zan kama maka," in ji Dogo, yanzu ba dariya a muryarsa, "amma ni ma gangunan nan sai na huta a tsakiyar bene."

Mai Fiyano ya daɗe a zaune yana kallon titi. Ya auna al'amarin yadda ya saba auna na wasu idan an kawo masa ƙara. In ya sayi mai nauyin, zai tsaya a gaban jama'a kamar yadda aka gada, amma sai wani ya hau masa da ita bene ya sauko da ita kowace Asabar, kuma wannan wani ba zai wuce matasan da shi da kansa ya sha tsawatarwa a kan kowa ya ɗauki kayansa ba. In ya sayi ta zama, zai ɗauki abinsa da hannunsa, amma duk wanda ya san shi zai ga ya zauna. Ƙa'idojin biyu daga baki ɗaya suka fito, kuma marigayin bai bar bayanin wadda ta girmi wata ba, domin shi bai yi tsawon ran da zai buƙace shi ba.

"Wanda ya zauna, kansa ya rage wa daraja," ya ce daga ƙarshe, kamar mai yanke hukunci. "Wanda aka ɗaukar wa kaya kuwa ya zama kaya. Kawo ta masu ɗinkin. Da wannan kujerar."

Aka yi ciniki ba tare da doguwar magana ba. Ya rataya ƙafar a kafaɗa, kujera a hannu, suka fito.

Ranar Asabar da la'asar ya hau benen sahu-sahu, fiyano tukuna, sannan ƙafa da kujera. Ya kafa su a inda ya saba tsayawa, gaba ta dama. Mawaƙi ya zo ya dafa ƙafar, ya girgiza ta, ya dubi kujerar. Bai ambaci ƙa'idar mahaifinsa ba, Mai Fiyano kuma ya gode masa a zuci.

"Ta yi, Baba. Sai dai in ka zauna a nan, lasifika za ta rufe ka, masu hoto kuma za su yi ta tsallake ka. Ko za a ɗan matsa baya, kusa da Baba Dogo?"

Aka matsa baya. Dogo ya janye ƙaramar gangarsa ya ba shi wuri, ya ce, "Barka da zuwa unguwarmu."

Suka yi kiɗa har rana ta yi sanyi. Fiyano bai motsa ba, ƙugu bai riƙe ba, hannun hagu kuma ya sami kansa yana cike guraben da ya daɗe yana bari. Amma daga inda yake ba ya ganin masu rawa. Bayan rigar Mawaƙi yake gani, da wayoyi a ƙasa, da ƙafafun mai jita. Tafi kawai yake ji yana zuwa daga can gaba, ba ya sanin wa ya tashi, wa ya zauna.

Da aka gama, Mawaƙi ya zagayo yana share wuya da hankici, ya rusuna.

"Sannu da aiki, Baba. Akwai wani mako mai zuwa, mota za ta biyo ta gida."

"Allah ya kai mu, ɗana."

Matasa suka shiga kwashe kaya. Mai Fiyano ya kashe wuta, ya zare waya ya naɗe ta a cinyarsa, ya ɗaure. Kujerar gajeriya ce, ya kuma san tashi daga kanta sai da dafa gwiwa da nishi. Saboda haka ya ci gaba da zama yana goge maɓallan da gefen mayafi, ɗaya bayan ɗaya, yana jira mutane su ragu a zauren.