Kujerar da ke Gefen Baba

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma har yanzu ban gaya wa kowa a gidanmu ba.

Bari in fara da abin da yake na gaske. Babanmu yana da wani fim na ɗan leƙen asiri da yake so tun yana saurayi. Kashi ashirin da biyu ne, an juya su zuwa Hausa, mu dai Mai Baƙar Kwat muke ce wa jarumin. Kullum bayan la'asar Baba yakan kunna ɗaya a zaure, ni kuma in kawo masa shayi in zauna a 'yar kujerar da ke gefensa. Shekara shida ina zama a kanta, ba na cewa komai. Da ƙanwata Na'ima ta dawo hutu daga kwaleji, sai na shigo da shayi na tarar da ita a kan kujerar, tana musu da Baba a kan wanne ya fi kyau, wanne ya fi muni. Yana ta dariya. Ni ban taɓa sa shi dariya haka ba. A aji huɗu karatuna ya tsaya.

A mafarkin, zaurenmu ya zama ofis. Da rana tsaka ne, ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi zuwa sama, don haka kowa ya buɗe lemarsa ya tsaya a ciki. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune a bayan tebur. Kujerata tana kan teburin, an ɗaure mata ƙafa ɗaya da igiya. Baba kuwa yana cikin talabijin a zaune, mu yake kallo.

Bunsurun ya ce an kawo ƙara a kan kujerar. Tsakanina da Na'ima, wadda ta faɗi fim mafi kyau da mafi muni daidai, ita za ta riƙe ta har abada. A zuciyata na tambayi wanda ya kawo ƙarar, sai ya amsa mini a fili cewa kujerar ce da kanta.

Finafinan suka shigo a layi, kowanne da ƙafafunsa. Kashi na sha tara wani ƙato ne, wuta na fita daga aljihunsa, ƙananan jirage na zagaye kansa kamar ƙudaje. Na huɗu wani siririn tsoho ne mai akwatin ƙarfe. Ya zauna a bakin ƙofa yana duba agogo. A fim ɗin ma haka yake: kwana uku Mai Baƙar Kwat ya yi a tashar jirgin ƙasa yana jiran abokin aikinsa, bai harba ko harsashi ɗaya ba, abokin kuma bai zo ba.

Na'ima ce ta fara. Maganarta tana fitowa a rubuce, layi-layi, awaki na bi suna buga mata hatimi a iska. Ta ce na sha tara ya fi kowanne, duk duniya ta yarda. Ta buɗe wayarta, mutanen duniya suka leƙo daga ciki suka gyaɗa kai suka koma. Ta ce na huɗu ne mafi muni, don babu abin da ya faru a cikinsa, kallon bango ma ya fi shi. Tsohon ya sunkuyar da kai. Baba ya yi dariya a cikin talabijin, dariyar ta faɗo ƙasa, Na'ima ta ɗauka ta ninke ta sa a jaka. Jakar ta riga ta cika. Ko ɓarɓashi bai gangaro wajena ba.

Da aka zo kaina na buɗe baki, sai gero ya zubo. Wasu kaji masu kakin 'yan sanda suka zo suka tsince shi tas.

Na'ima ta dafa kafaɗata. "Yallaɓai, kunya gare ta. Yaya, bari in faɗa miki abin da kike nufi."

Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Sai ga mu duka a tashar jirgin ƙasa, har da teburin. Tsohon nan, na huɗu, ya jawo akwatinsa gabana ya buɗe. Kofunan shayin Baba ne a ciki, ashirin da biyu, kowanne da lambarsa.

Ya ce, "'Yata, ba ke ce mai kwashewa ba?"

Na jera su a gaban bunsurun. Ya ɗauki na sha tara ya kara a kunne. Babu ko ɗigo a ciki, sai munshari. Haka Baba yake yi: ya shanye da zafinsa, kafin jirgi na biyu ya fashe ya yi barci. Bunsurun ya ɗauki na huɗu. Cike yake, ya huce, har madarar ta yi fata. Duk ranar da aka sa wannan fim Baba yakan manta da shayinsa, kuma idan jirgin ƙarshe ya tashi babu abokin, sai ya ce in je in duba ko ana sallama a waje. Nakan je. Na san babu kowa. Nakan ɗan jima a can har ya gama share idonsa.

A nan muryata ta fito, 'yar ƙarama, daga cikin kofin. "Na huɗu ya fi. Shayinsa yake hucewa."

Bunsurun ya rubuta hukunci ya cinye takardar, don a can haka ake tabbatar da magana. Ya ce ni na ci. Ya kwance igiyar. Kujerar ta diro ƙasa, ta dube ni, ta dubi Na'ima, sannan ta tafi tana goga jikinta a ƙafar Na'ima kamar kyanwa.

Na nuna wa bunsurun da hannu. Ya ce kotu ta ba ni ita, amma kotu ba ta da ikon gaya wa kujera inda za ta yi hira.

Na bi ta da gudu. Ina gudu tana ƙara nisa, Na'ima a kai, sun nufi talabijin, Baba yana matsa musu wuri. Na kira shi, geron ya dawo. Bunsurun ya ɗauki cokali yana buga kofi don a tashi daga zama. Yana bugawa, yana bugawa.

Na farka. Gari ya waye, cokali ne a cikin kofin Baba. Na'ima ke juyawa, na san hannunta, dukan kofi take yi kamar ya yi mata laifi. Na ji takunta zuwa zaure. Can sai muryar Baba.

"Wannan sukarin fa? Ba hannun Uwani ba ne. Ina uwata take?"

Na ji shi sarai, ni yake nufi. Na ja mayafi na rufe kaina, na bar shi ya sake kira.