Bututun da Ruwan Batir Ya Kasa Ci

Jiya da dare na yi wani mafarki. Wai ina wani gari inda ruwan batir ya ɓalle daga masana'anta, yana hawa tudu a hankali kamar mai ciwon gwiwa. Duk abin da ya taɓa sai ya cinye: ƙarfe, siminti, har inuwar bishiya. A saman tudun kuwa rijiyar Goggo Uwale take, ƙanwar mahaifina, kuma rijiyar nan ce kaɗai ta rage wa garin.

Goggo ta ce tunda gyaran famfo ne sana'ata, in kauce da ruwan kafin ya iso. Na shimfiɗa bututun ƙarfe, ya narke kamar man shanu. Na sa na roba, ya koma kunu.

Sai ga ni a shagon wata zabuwa mai tabarau. Ta jawo wani farin bututu mai sulɓi, ta ce da irinsa ake jan guba a masana'antu, da shi kuma ake shafe kaskon da ƙwai ba ya kamawa. Guba ba ta cinsa, zafi ba ya damunsa.

"Aibinsa ɗaya," in ji ta. "Ba abin da ke manne masa. Jiya na gaishe shi, gaisuwar ta zame ta faɗi ƙasa."

Na saɓa biyu a kafaɗa, suka sulɓe. Na sake ɗauka. Haka muka yi ta yi har bakin rijiya. Na shafa gam don in haɗa su, gam ɗin ya tattara kansa ya koma cikin gwangwani. Na ɗaura igiya, ta kwance ta ba ni haƙuri.

Ruwan ya riga ya cinye takalman Goggo.

"Tanimu, bar shi, mu gudu," ta ce.

"Goggo, in mun gudu, me garin zai sha?"

Na durƙusa, na cusa bakin wannan cikin na wancan, na rungume mahaɗar da hannu biyu. Ruwan ya tsaya, ya leƙa ciki, ya lasa, ya rasa abin ci. Ya shige yana gunaguni, ina jin ɗuminsa a ƙirjina, ya fita ta bayan gari. Goggo ta zura guga, ta jawo ruwa garau.

Ban saki ba. Ina nan riƙe har injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni, na tarar da ƙafar gado a rungume, hannuwana sun yi tsami.