Ranar Ruwan Noel

Ina tsaye a ƙofar kicin ɗin Noel Pybus da tukunyar miyar kabewa a hannuna lokacin da Darren ya gaya masa ba zai yiwu ba.

"Koci, ai ka fi kowa sanin yadda abin yake," in ji Darren. "Kwana shida kacal kamfanin wuta ke sakar mana ruwa a shekara, kuma an riga an raba su."

"Biyar na gasa ne," in ji Noel. "Na shidan fa, yaro?"

Yaron nan shekararsa hamsin da biyu, da tumbinsa da furfurarsa, kuma shi ne shugaban ƙungiyar 'yan tseren kwalekwale ta garinmu. Ya dubi takalminsa, ya dubi agogon bango, ya ce na shidan ma kwamiti ya yi masa wani tanadi. Ya sha shayin da bai roƙa ba, ya dafa kafaɗar tsohon, ya ratsa ta gefena ya fita. Saura kaɗan in juye masa miyar a ƙeya.

Ni ce Glenda. Shekara ashirin da shida na yi ina tuƙa motar 'yan makaranta, shi ya sa Noel bai taɓa kirana da sunana ba, sai Direba. Shekara talatin da ɗaya shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nasa, kuma rabin shekarun nan a faɗa muka yi su. In ba warin man da yake liƙe kwalekwalensa da shi ba, to jiƙaƙƙun kayansa ne a kan shingena suna ɗiga a kan tumatirina. Matarsa ta daɗe da tattara nata ta koma Launceston, ta ce ba za ta iya zama da mutumin da ke kwana yana tashi da kogi a baki ba. Ban ga laifinta ba.

Amma a kan ruwa, ko ni da ba na son yabonsa, dole in faɗi gaskiya. A durƙushe yake tuƙi, da filafili mai baki ɗaya, cikin kwalekwalen da bai fi faɗin ƙugunsa ba. Ana rataye ƙofofi a kan wayoyi a saman ruwan, sanduna bibbiyu, koraye a bi su da gangara, jajaye a juyo a haura su. Ka taɓa sanda a ci ka tarar sakan biyu a kan lokacinka. Noel ya ci gasar ƙasa sau tara, ya je Turai ya dawo da lambar da yake ajiye ta a gwangwanin ƙusoshi, kuma tsofaffin alƙalai suna rantsuwa cewa akwai shekara uku a jere da bai taɓa sanda ko ɗaya ba. Wurin tseren ma shi ya yi shi. Da tarakta ta aro ya tura duwatsun, shi ya ɗaure wayoyin a jikin itatuwan turare, shi ya yi ta zarya ofishin kamfanin wuta har suka gaji suka ba da kwana shidan nan. Gwiwoyinsa sun mutu tun kafin ya kai sittin. Darren kuwa yana ɗan shekara goma Noel ya tsamo shi daga ƙarƙashin dutse da wuyan riga.

A watan Janairu likita ya ce ciwon dajin ya kama hanta, wata biyu ne ko uku. Abu ɗaya Noel ya roƙa. Tun da aka gina madatsa, koginmu duwatsu ne busassu da ɗan zirin ruwa a tsakiya. Ranar da za a saki ruwa sai a busa jiniya ƙarfe tara, bayan minti ashirin ruwan ya iso. Yawancin mutane sai kogin ya cika suke zuwa. Shi kuwa tun ina saninsa yakan riga kowa, ya zauna a bakin gaɓa daura da babban dutsen da ake rataye jar ƙofa a bayansa, don ya ga abin da yake kira goshin ruwa, wato na farkon da ke tahowa yana turo ganye da ƙirare a gabansa. Shi yake so ya sake gani sau ɗaya. Ranakun gasa sun wuce da bazara, na gaba sai Oktoba, kuma kowa ya san ba zai ga Oktoba ba.

Bayan kwana biyu da zuwan Darren, Noel ya aike ni rumfar ƙungiya in ɗauko masa tsohon filafilinsa da ke rataye a bango. A nan na ga tanadin kwamiti. Takarda ce a jikin allon sanarwa, an rubuta da fensir: Asabar ta biyu a watan Afrilu, sakin ruwa, ranar tunawa da Noel Pybus.

Al'adarsu ce, na sani. In babban ɗan tsere ya mutu sai a saki ruwa, a rataye jar ƙofa guda ɗaya, a yi jawabai, a ƙone gawar, a sa tokarsa a kwalekwalensa a sake shi ya gangara ba kowa a ciki. Noel ne ma ya ƙirƙiro ta lokacin da abokinsa ya nutse. Amma a ce mutum yana kwance yana shan miyata, su kuma sun zauna sun ƙirga watannin likita da yatsu sun yanka masa rana! Na yage takardar na cusa a aljihu.

Ba ni da ciki, ban taɓa iya riƙe magana ba. Na shimfiɗa masa takardar a kan bargo. Ya karanta sau biyu, sai ya fashe da dariya har tari ya turnuƙe shi, sai da na ɗago shi na bubbuga masa baya.

"Ashe ina da ranar ruwa, Direba," in ji shi. "To ai sai in halarta."

Daga ranar ya fara cin abinci da gayya. Mutumin da cokali uku ke gagararsa ya koma yana neman ƙari, yana kushe miyar wai gishiri ya yi kaɗan. Ma'aikaciyar jinya ta ce a kai shi asibitin birni, ya ce sai bayan Afrilu. Ya sa na rataye masa kalanda a gefen gado, kullum da safe ya soke rana ɗaya da fensir. Fatarsa ta koma ruwan ɗorawa, madaurin agogonsa ya kai gwiwar hannu, amma Maris ya wuce yana nan. Iskar kaka, wadda a ƙasarmu da Afrilu take kamawa, ta fara sanyi yana nan. Ya sa na wanke masa jar rigar tserensa, na sa wa keken guragunsa iska.

Saura kwana biyar, ranar Litinin, na ci karo da Darren a ƙofar kanti. Ya sassauta murya ya tambaye ni jikin Koci. Ni kuma da bakina, don in ƙona masa rai, na ce Koci lafiyarsa lau, jiya ƙwai biyu ya ci, kuma ranar Asabar yana layin gaba. Na ga fuskarsa ta canza, na ɗauka kunya ce. Har yau in na tuna sai in ji kamar in ciji harshena.

Ranar Laraba aka liƙa sabuwar takarda. An ɗage sakin ruwa sai abin da hali ya yi.

Na sami Darren a garejinsa, rabin jikinsa a ƙarƙashin wata mota. Na shuri tafin takalminsa sai da ya fito.

"Glenda, ki tsaya ki ji," in ji shi yana goge hannu. "Rana guda ce fa. In muka ɓatar da ita yanzu, ranar da ya tafi me za mu yi masa? An yi wa kowa, sai shi da ya kafa wurin a ce ba a yi masa ba? Mutane za su zo daga Melbourne. An sassaƙa allo da sunansa."

"Shi zai ga allon?"

"Ba a taron tunawa da mai rai. Ba tsari ba ne."

"To ku kira shi duk sunan da kuka ga dama, ku buɗe masa ruwa."

Ya ce kwamiti ya riga ya sanar da kamfani, kuma kamfani sai an ba shi sanarwar mako biyu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne idonsa ya ciko da hawaye yana wannan maganar. Da gaske yake ganin girmama tsohon yake yi. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba, har yaran garejin suka kashe rediyo.

Ni da na kasa riƙe waccan maganar, wannan na riƙe ta. Kwana uku ina shiga ina fita, ina kallon Noel yana soke ranaku, na kasa. Ranar Asabar ƙarfe takwas na same shi a zaune da jar rigarsa, ta yi masa yawa kamar ta aro. Ni da ma'aikaciyar jinya muka ɗora shi a mota. Duk hanya filafilin na kan cinyarsa.

Muna shiga filin ajiye motoci ya duba hagu ya duba dama.

"Ba motoci, Direba."

Na kashe injin. Na ce an ɗage.

"Tun yaushe kika sani?"

"Laraba."

Ya jinjina kai, ya ce tunda an zo in tura shi wurinsa. Na tura keken a kan tsakuwa har bakin gaɓa, na lulluɓe masa ƙafafu. Tara ta yi, ba jiniya. Tara da minti ashirin ta yi. Wayoyin na nan a miƙe ba ko sanda ɗaya a jikinsu, duwatsun sun bushe fari fat. Sai na ga hannunsa na dama ya ɗaga kaɗan yana bin hanya a iska, ya kauce nan, ya ratsa can, ya zagayo bayan babban dutsen ya haura. Sau uku ya yi. Ni kuwa kuka nake yi na baƙin ciki, ina zagin Darren da kwamiti da kamfani da ni kaina.

"Bar yaron nan," in ji shi. "Ni na koya musu, sun kuwa iya." Ya huta ya sami numfashi. "In sun tashi yin nasu, kar ki ba su ni. Ba na son jawabi. Ki kawo ni da wuri."

Bai ƙara soke rana a kalanda ba. Miyar ma ya daina kushewa, ya daina sha. Ranar Talata da hantsi ina shanya zanen gadonsa a igiya ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta taga ta kira sunana, na bar zanen ya faɗi a ƙasa. Noel ya cika. Kafin magariba Darren ya aika wa kamfani sanarwar mako biyunsa.

Aka sa Asabar ta biyu a watan Mayu. A takardar wasiyya ni Noel ya bar wa tokarsa, kuma sau uku Darren yana bugo waya yana tuna mini in kawo ta ƙarfe sha ɗaya, bayan jawabai. Na ce na ji.

Ƙarfe takwas da rabi na isa. Wannan karon filin ya fara cika, har da motocin haya daga filin jirgi. Sun kafa rumfa, ana gasa tsiran nama, an jingine kwalekwalen Noel a kan kujeru biyu an yi masa ado da furanni, wani yana gwada lasifika. Ba wanda ya kula da tsohuwa mai jakar cefane. Na bi ta bayan rumfa na gangara cikin kogin, da gwiwoyin nan nawa, ina dafa duwatsu, har na kai bayan babban dutsen. Jar ƙofar na rataye a saman kaina. Na ciro gwangwanin tokar daga jakar, na juye Noel a kan yashi, na karkaɗe gwangwanin, na hauro da kyar.

Ina zama a bakin gaɓa jiniya ta tashi. Darren ya hango ni, ya taho da takardar jawabinsa a hannu da baƙar kwat da ta matse shi. Ya ga gwangwanin a buɗe a gefena, ya bi idona zuwa bayan dutsen. Bakinsa ya motsa.

"Zauna ko ka tafi," na ce. "Amma kar ka yi magana."

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya zauna a kan tsakuwa da kwat ɗinsa.

Ƙarar ce ta fara isowa daga can saman kwana. Sannan ruwan ya ɓullo, bai kai idon sawu ba, ja da laka, yana turo ganyen turare da ƙirare a gabansa. Ya ratsa tsakanin duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya iso babban dutsen, ya zagaya ta bayansa ya juyo sama. Tokar ta taso ta yi fari a kan ruwan, ta haura ta ƙarƙashin jar ƙofar, ta tsakanin sandunan biyu, sannan igiyar ruwan ta ɗauke ta ta yi ƙasa. Can baya mai lasifika na ta ƙirga ɗaya, biyu. Sandunan ko motsi ba su yi ba.