Ƙwarin Tafkin Tarai

An ce ƙwarin da Sadisu malamin gona ya zuba a tafkinmu na Tarai don su cinye kainuwa sun fito tudu, sun afka wa waken mutane. A gidan suna na ji, kuma kafin a raba goro labarin ya kai har cewa sun ci buhu goma na Alhaji Isyaku. Mai unguwa ya ce nan da mako biyu za a yi wa tafkin feshi, Sadisu kuma ya tattara ya koma Rano.

Shekara talatin na yi ina koyar da kimiyya a firamare, ban saba karɓar "an ce" ba. Shi ma Sadisun ban yarda da shi ba. Wane ƙwaro ne zai ga wake ya ce shi sai kainuwa?

Na je bakin tafki na tsinko ƙwarin daga ganye, ƙanana, masu dogon baki. Na wanke kwalabe uku. Ta farko ƙwari da kainuwa, ta biyu ƙwari da wakena mai kyau. Ta uku kuwa sai da na je wurin Alhaji.

"Hajiya Sa'adatu, bokanci kika koma bayan ritaya?"

"Alhaji, ba ni dai wake tafi ɗaya, wanda ba huda. Kai za ka zaɓa."

Ya zaɓa yana dariya, ya ɗaure bakin kwalbar da ƙyalle da hannunsa. Ba ƙwaro ko ɗaya a ciki.

Kullum bayan sallar walha nakan sa tabarau in duba. Ganyen kainuwa ya yi huda-huda, ya ruɓe. Ƙwarin kwalba ta biyu kuwa suka yi ta zagaye waken, ko lasa ba su yi ba.

Ranar feshi na kai kwalaben ƙofar mai unguwa. Sadisu na tsaye gefe, ya kasa ɗaga ido.

Na miƙa wa Alhaji Isyaku kwalba ta uku, na ce, "Alhaji, ɗaurin nan naka ne?"

"Nawa ne."

"To kwance."

Ya zazzage a faranti. Ƙwari suka watsu, masu gajeren baki, kowane wake da ƙofarsa.

Mai unguwa ya ce, "To ta ina suka shiga?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba shiga suka yi ba. Da ƙwansu aka girbe waken tun a gona. Na tafki ga su nan, sun mutu da yunwa a kan wake."