Raɓar Injiniya

Shekara goma sha ɗaya Baban Fure yana kula da lambun gidan benen nan mai hawa huɗu, amma bai taɓa ganin cuta mai zaɓe irin wannan ba. Cuta dai ya san halinta: ta kama ganye, ta bi reshe, ta tsallaka kan shukar da ke kusa. Wannan kuwa sai ta ƙyale ganye sarai, ta ƙyale furannin da suka fara tsufa, ta nemi wanda ya buɗe jiya-jiya, wanda ya fi kowa kyau, ta zuba masa ɗigo-ɗigon ƙuna. Kafin la'asar furen ya yi laushi ya sunkuyar da kai.

Ranar Litinin Manaja, wanda ke riƙe da gidan a madadin masu shi, ya kira shi ofis. Ofishin ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, tebur ɗaya, kujera biyu, kuma ba a ce masa ya zauna ba. Hotuna shida ne a kan teburin, kowanne tabon ƙuna ne da aka faɗaɗa har ya kai tafin hannu. Manaja ya ce kwamitin mazauna gidan ya zauna, shugabansu Injiniya ya kawo wannan hujja, kuma ra'ayinsu shi ne tsufa ya fara kama Baban Fure, yana zuba magani ba awo. An ba shi mako biyu. In abin bai tsaya ba, akwai kamfanin da ke aiko masu lambu da riguna iri ɗaya.

Ya fito ransa a ɓace, ga kuma tsoro, don a shekarunsa ba wanda zai ɗauke shi sabon aiki. Ya san bai canja magani ba, bai canja awo ba. To in ba cuta ba ce, ba kuma shi ba ne, akwai hannun mutum a ciki.

Daga ranar kowa ya zama abin zargi. Ya fara da mai shara, ya bi ta a baya safiya biyu, sai ya tarar baiwar Allah a kwata take zubar da ruwan gogenta. Ya koma kan matar hawa na ɗaya, wadda suka taɓa cacar baki a kan igiyar shanya da ta ɗaura a jikin bishiyar lemo, ashe ta yi tafiya tun watan jiya. Sai maigadi, wanda ke da ƙani mara aiki, kuma kwanan nan gaisuwarsa ta yi yawa. Har shinshina butarsa Baban Fure ya yi da ya ga ba kowa. Matarsa ta ce tunda ta aure shi bai taɓa sa mata ido rabin yadda yake sa wa maigadin nan ba.

Injiniya kam ko a mafarki bai kawo shi a rai ba. Wa zai zargi mutumin da ke kwanciya rub da ciki a gaban fure? Tun da ya yi ritaya ya sayi kyamara mai dogon gilashi, kullum da sassafe sai ya sauko da tabarmarsa da wata 'yar jaka. A jakar akwai maƙalan shanya na riƙe reshe, da baƙin kwali na tare iska, da ɗan madubi na juyo haske, da 'yar kwalbar feshi. Sai ya kai bakin kyamarar dab da furen, ya ɗauke numfashi, ya danna. Hotunan da suka fi kyau yakan wanke su, ya sa a firam, ya rataye a zauren shiga gidan, baƙi suna tsayawa suna yabawa. Har “abokin aikina” yakan kira Baban Fure kafin wannan fitina.

A rana ta tara Baban Fure yana tsaye a zauren yana jiran mabuɗin sito, rashin abin yi ya sa ya ɗaga kai ya kalli hotunan. Da ma ba sa burge shi. Fure ba ganye ba kara, an cika firam da cikinsa kawai, shi a wurinsa wannan ba fure ba ne. Amma sai ya gane wani. Jan furen wardin nan mai ɗan gutsure a gefen hagu, ai shi da hannunsa ya cire tsutsar da ta ci wurin, kuma ranar Alhamis furen ya ƙone. Farin da ke kusa da shi na bakin famfo ne, shi ma ya tafi. Ya bi sababbin hotunan ɗaya bayan ɗaya, bai sami fure ko ɗaya da ya tsira ba.

Kuma kowanne da raɓa a jikinsa, manyan ɗigo kewayayyu zaune daram a bakin fure. An fi wata ba a yi raɓa ba. Ban da haka, mutumin da ya shekara da shekaru yana ba shuka ruwa ya san ruwa ba ya zama haka, gangarewa yake yi.

Washegari ya laɓe a bayan tankin ruwa, dattijo da furfurarsa, kunya kamar ta kashe shi. Ya ga Injiniya ya zaɓi fure, ya maƙale reshen, ya fesa sau uku, ya kwanta. Da ya naɗe tabarma ya tafi, Baban Fure ya je ya taɓa ɗigon. Yana da danƙo, yana ja tsakanin yatsu. Ya ɗanɗana ya ji zaƙi. Da rana ta take ya dawo, ga tabo nan a daidai inda kowane ɗigo ya zauna.

Gano ɓarawo daban, faɗa wa babban mutum shi ne daban. Ya wuni yana juya maganar, da gari ya waye ya je ya gai da Injiniya da ladabi, ya tambayi abin da ke cikin kwalbar kamar mai neman ilimi. Injiniya ya ji daɗin tambayar ƙwarai. Ya ce ruwa zalla aikin 'yan koyo ne. Wannan haɗi ne na musamman: ruwa, da man gilisarin irin na shafawa, da sukari, da ɗan man girki, don ɗigon ya tsaya ya yi ƙyalli. Mako uku ya yi yana gwaji kafin ya sami awon da ya dace.

“Ranka ya daɗe, ga furanni biyu a reshe ɗaya,” in ji Baban Fure. “A fesa wa guda, a bar guda, mu dawo da azahar.”

Injiniya ya yi dariya, ya ce ai shi mutumin gwaji ne, ya fesa.

Da azahar suka tsaya a gaban reshen. Ɗaya furen yana nan garau, ɗayan ya yi dabbare-dabbare. Injiniya ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake dubawa.

“Wa ka gaya wa?”

“Ba kowa, ranka ya daɗe.”

“To.”

Wannan “to” ɗin ita ta hana Baban Fure sakat sauran kwanakin. Ƙuna dai ta tsaya cak, don Injiniya bai sake saukowa lambu ba. Amma da yamma aka sauke sababbin hotunan daga zaure, wai za a canja musu firam, hujjarsa ke nan ta shige ɗaki. Sau biyu ya hango Injiniya da Manaja suna magana ƙasa-ƙasa a bakin ofis, yana matsowa suka koma zancen famfo. Matarsa ta ce ya je ya fasa ƙwan kowa ya huta. Ya ce da wane baki, tsakanin mai lambu da shugaban kwamiti maganar wa za a ɗauka?

Ranar da mako biyun ya cika Manaja ya kira shi, wannan karon har da nuna masa kujera. Ya ce albishir ne. Injiniya da kansa ya tsaya masa a gaban kwamiti, ya ce tunda ɓarnar ta tsaya, a dubi shekarun dattijon a yafe masa, kuskure na kowa ne. Aikinsa yana nan, sai dai ya riƙa kula da awon magani.

Baban Fure ya buɗe baki. Ya tuna da kamfanin masu riguna iri ɗaya, ya rufe.

“Ka hau ka yi masa godiya, Baba,” in ji Manaja. “Irin mutanen nan ba su da yawa.”

Ya hau bene hawa huɗu, yana hutawa a kowane hawa, ba don gajiya kaɗai ba. Ya ƙwanƙwasa. Injiniya ya buɗe, bai ce ya shigo ba. Baban Fure ya rusuna, ya ce an gaya masa alherin da aka yi masa, ya zo godiya, Allah ya saka.

Injiniya bai dube shi ba, bakin ƙofar yake kallo yana kankare fenti da farce.

“Ba komai,” ya ce. “A dai kiyaye gaba.”

“Za a kiyaye, ranka ya daɗe.”

Ya sauko yana riƙe da ƙarfen matakala. Aikinsa yana hannunsa, amma a gidan nan kaf, daga Manaja har mai shara, shi ne tsohon da ya ƙone furanni aka yafe masa.