Wandon Mai Awara a Igiyar Shanya

Gida uku aka fasa a layinsu Kuniko cikin wata guda, duka da rana tsaka, masu gida sun tafi cefane. Labarin bai kwana ba ya isa birnin Nagoya, wajen 'yarta Harue, wadda tun tana ƙarama ba ta san wasa ba.

"Mama, ƙarshen wata zan zo in ɗauke ki," in ji ta a waya. "Tsohuwa ita kaɗai a gidan katako, ai sai abin da ɓarawo ya ga dama."

"Tsohuwa tana gidanku!" Kuniko ta kashe wayar, sannan ta tuna gidan nasu ai nan ne.

Shekararta arba'in da ɗaya a gidan nan. Ga bishiyar lemon da marigayi mijinta ya dasa, ga matakalar da ta san kukan kowane katakonta. A ce ta koma benen su Harue, hawa na goma sha ɗaya, tana leƙen motoci? Ta gwammace ɓarayin.

Ta je ofishin 'yan sandan unguwa. Wani ɗan sanda mai furfura ya ce mata, "Iya, ɓarawo shanya yake fara dubawa. Ki riƙa shanya kayan maza, ki ajiye takalmin namiji a bakin ƙofa. In kin dawo daga unguwa ki ɗaga murya ki ce kin dawo, kamar da mutum a ciki."

Matsalar ita ce kayan mijinta tuni ta rabar, shekara bakwai ke nan. Dole ta ƙwanƙwasa wa maƙwabcinta Tokuji, tsohon mai awara, gwauro, wanda rabonsu da doguwar magana tun rigimar ganyen lemo da ke zuba masa a tsakar gida.

"Aron wando na zo."

"Maman Harue, lafiyarki kuwa?"

Da ta yi bayani, ya ɗauko guda ɗaya yana ƙunƙuni. Ta ɗaga wandon sama, ta juya shi.

"Haba, mai awara! Ɓarawon da ya ga wannan ai ƙarfin gwiwa zai samu. Na jikanka ne?"

"Kawo mini abina!"

Ba ta ba shi ba. Ta shanya shi kwana huɗu cur, har Tokuji ya leƙo ta saman shinge.

"Wane irin miji ne wannan, wando ɗaya, kullum a bushe? Ko ni ne ɓarawon na gano ki."

Abin haushi, yana da gaskiya. Daga ranar ya riƙa miƙo mata kayan dauɗarsa a kwando, tana wankewa tana shanyawa, yau riga, gobe safa. Har tsohon takalminsa ya ba ta, ta ajiye a bakin ƙofa. Shi ya samu mai wanki kyauta, ita ta samu maigida na igiya. Matan layi suka samu abin yi da baki, ita ko a jikinta.

Abu ɗaya ne ke ci mata rai. Duk sanda ta tura ƙofa ta ce "Na dawo!", gidan sai ya yi tsit, kuma shirun ya fi mata zafi fiye da lokacin da ba ta cewa komai.

Ranar ƙarshen wata ta dawo daga kasuwa, ana yayyafi, ta tarar da Harue a bakin gida da akwatuna biyu babu komai a ciki.

"Mama, takalmin waye wannan?"

"Na tsoratar da ɓarayi ne."

"Takalmi ba ya kiran 'yan sanda. In kika faɗi a ciki, shi zai ɗaga ki?"

Kuniko ta san an gama da ita. Ta tura ƙofa, bakinta da ya riga ya saba ya ce, "Na dawo!"

"Sannu da dawowa!" wata murya ta amsa daga baya.

Tokuji ne, rungume da shanya. Ya ga ruwa ya sauko, ya tsallako shinge ya kwashe kayansa, ya haɗa da nata.

Kuniko ta tsaya da kwandon kifi a hannu. Shekara bakwai ba wanda ya amsa mata wannan kalma. Hawaye suka zubo, ba ta ko ɓoye su ba.

Harue ta dubi tsohon, ta dubi uwarta.

"Baba, kullum kana jin ta in ta dawo?"

"Da wannan muryar? Ranar da ban ji ba, kafin shinkafa ta dahu na tsallako."

Harue ta tura akwatunan gefe da ƙafa, ta ce a dafa mata shayi kafin jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu, ita kaɗai za ta koma.

Kuniko ta share ido, ta fizge rigarta daga hannun Tokuji.

"Haka ake kwashe shanya a gidanku? Cire takalmi ka shigo, ka jiƙe sharkaf."