Robar 'Yan Kabu-kabu

Hamani kafinta ya yi rantsuwa a bainar jama'a, abin da mai hankali ba ya yi, cewa bana mahaifiyarsa Goggo ba za ta ƙara haye rafin Maggiya a kan gora ba. Gonar Goggo tana ƙetaren ruwa, kuma shekara arba'in ke nan duk damina sai ta rungumi ƙaton goranta ta faɗa rafi. Bara saura kaɗan ruwa ya tafi da ita. Tun ranar Hamani bai sake samun kwanciyar hankali ba.

A waya ya ga yadda Turawa ke haɗa kwale-kwale da siraran katako, ana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya a shafa gam. Katakon Turawa yana da ladabi. Na kasuwar Konni kuwa, in ka danne kai sai gindi ya tashi. Ƙusa ta tsaga uku, na huɗu ya fizge ya mare shi a kunci.

Mahfuz ɗan kabu-kabu ne ya tsaya kallo, ya ce, "Mi kaka wahala, Hamani? Robag ga da muka ɗamre buhu da jarka, ƙato ma ta ladabtar, balle icce."

Ya kwance tasa daga bayan babur, suka naɗe katakon, ya kwanta lif. Kafin azahar 'yan tasharsu goma sha takwas sun kawo nasu. Kowa ya ɗaure, ya ɗauki hoto, ya koma tasha yana cewa "jirginmu". Har shugaban kwamitin jirgi suka naɗa, alhali babu wanda ya taɓa riƙe zarto a cikinsu.

Hamani ya roƙe su abu ɗaya, kada a kwance robar. Gam ɗin nan, da danshin damina, sai ya kwana uku kafin ya kama. Suka ce ko wata uku ne sun bar masa.

Washegari Laraba, ranar kasuwa. Hamani ya tafi sayen fenti. Mahfuz ya samu lodin albasa, ya leƙo shagon, ya ga roba har goma sha tara, ya ce cire ɗaya ba zai yi komai ba. Abokin aikinsa Hashimu ma haka ya gani da ya iske goma sha takwas. Wallahi babu ɓarawo a cikinsu, kowa tasa ya ɗauka, kuma kowa ya yaba wa jirgin kafin ya fita.

Da Hamani ya dawo, katakai sun baje kamar haƙarƙarin rago a teburin mahauci. Roba ɗaya ta rage a hancin jirgin, ta shugaban kwamiti, shi ma don babur ɗinsa na wurin gyara ne. Hamani ya zauna a ƙasa da gwangwanin fenti a hannu.

Kwana biyu aka yi ruwa, Maggiya ta cika. Da hantsi Goggo ta biyo ta shagon da goranta a ka. Ta daɗe tana duban katakan, sannan ta duƙa ta kwance robar da ta rage, ta ɗaure hauyarta a wuyan goran.

"Wagga roba na da kyau," in ji ta. "Allah shi yi ma albarka, ɗana."

Ta nufi rafi. Hamani ya bi ta har bakin ruwa, ya tsaya yana kallon kanta yana nitsewa yana tasowa.